Ranar da Na Sauka daga kan Bidi

Kafin in shiga wannan babi ya kamata in gaya muku cewa shekaru sun ja, ƙwaƙwalwata kuma ba kamar da take ba. Wasu abubuwan ina ganinsu tar, wasu kuwa ban tabbata ba ko da idona na gani ko mahaifiyarku ce ta yi ta maimaita mini har suka zauna. Inda na yi shakka zan faɗa. Abin da ya sa na ga dole in rubuta shi, a wajen sunan ɗan Kabiru na ji ɗayanku yana ba baƙi labari ana ta dariya, wai Baba ya taɓa yin folo, doki ya yi haniniya sau ɗaya ya diro, ya bar gida da muƙami. Har na taya ku murmushi. Amma ba haka aka yi ba, ko in ce ba haka kaɗai aka yi ba.

A lokacin ina jami'in kula da ma'aikata a wata masaƙa da ke Bompai, ban daɗe da gama jami'a ba. Muna haya a Dakata, ni da mahaifiyarku Rabi, da Inna mahaifiyata, da Hadiza tana rarrafe, Kabiru kuma yana ciki. Gidan bango ɗaya ne da wani sito da tireloli ke sauke kaya. Tun asuba direbobi ke tayar da inji su bar shi yana ruri, hayaƙin ya tsallako ya sauka a kan shanyarmu. Hadiza ta kamu da tarin da ba ya jin magani. Wata rana wata tirela tana ja da baya ta ɗauke kusurwar katangar, daidai inda Rabi ke ajiye turmi. Tun daga ranar ban ƙara zama a ofis da kwanciyar hankali ba. Da zarar an busa jiniyar tashi daga aiki sai in hau basfata ina gudu ina lissafin abin da zan tarar.

Masaƙar ta Kwarori ce da farko, wato 'yan Labanan, sai wani attajiri ya sayi mafi yawan hannun jarinta a shekarun da aka ce a mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa. Alhaji kawai zan ce masa, kamar yadda kowa yake ce masa. Mutum ne mai son abin da ba a saba gani ba. Ya sayi wani makeken fili can wajen gari ta hanyar Challawa, ya kewaye shi, ya gina gidaje masu baranda da furanni, da wurin ninƙaya, da kulob, da barga mai tsawo. A tsakiya kuma ya shimfiɗa filin folo, wato ƙwallon dawaki, ciyawa kore shar da wasu famfuna masu juyawa ke yi wa feshi safe da yamma. Manufarsa Turawan kamfanonin Sharada da Challawa da manyan gari su kama gidajen, wasan kuwa shi zai jawo su. Na taɓa jin ya ce wa wani manajan banki ba gida yake sayarwa ba, maƙwabta yake sayarwa.

Wata Litinin ya kira ni ofishinsa. Na shiga na durƙusa na gaishe shi.

"Habibu, ka taɓa hawa doki?"

"Ranka ya daɗe, jaki dai na hau a ƙauye. Doki kuwa, to, ba zan ce na hau ba."

"Za ka hau. Mutum huɗu ne a kowane ɓangare. Ina da Nasiru ɗana, ina da Turawa biyu. Na huɗun ina son ya zama ma'aikacina, ɗan Kano, mai digiri, wanda zai zauna da baƙi ya yi musu Turanci ba tare da ya kunyata ni ba. Akwai gida kusa da barga, na wanda ya buga mini wasan buɗe fili ne. Sabuwar masaƙar Challawa kuma tana neman manaja."

Na ce zan yi shawara. Ya yi dariya ya ce ya san zan faɗi haka, wai ko ruwa aka miƙo mini sai na yi shawara.

Da na kai maganar gida, Rabi ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta dube ni.

"Malam, shawarar me? Ka ji tarin yarinyar nan jiya kuwa?"

"Na ji. Amma doki ba basfa ba ne, Rabi, ba shi da birki."

"Tirelar da ta ci katangarmu tana da birki ai."

Inna tana kan tabarma tana gyaran zogale. Ni ne ɗanta na fari, ba ta faɗin sunana. Ba ta ɗago ba ta ce, "Kai wannan, da wane hannu ake riƙe sandar?" Na ce da dama. Ta ce, "To alhamdu lillahi. Na gyara ka tun kana ƙarami."

Nan ne zan gaya muku abin da ba kowa ya sani ba a ofis. Ni bahago ne. A ƙauyenmu abin gori ne, sai a ce ba a karɓar abu daga hannunka, ba a cin abinci kwano ɗaya da kai. Inna ta ɗaure mini hannun da gefen zanenta, ta buge shi da ludayi ba adadi, har na koma ci da rubutu da gaisuwa da dama, kuma har yau ina gode mata a kan na cin abinci. Sai dai gyaran bai kai ciki ba. Duk abin da ya zo mini ba zato, hagun ne ke riga ni. Ranar da Hadiza ta mirgino daga kan gado, kafin in san me ake ciki tana cikin hannuna na hagu. Rabi ta gani.

Na fara zuwa koyo kullum bayan la'asar. Mai koyarwar wani tsohon sajan ne na 'yan sandan doki, Sajan Mati, mutum mai faɗa da son goro. Aka ba ni farin wando da takalma masu kai wa gwiwa da hular kwano, aka haɗa ni da wani doki da aka kawo daga wajen Chadi, Bidi ake ce masa saboda launinsa. Ranar farko Sajan ya zana layi a ƙasa da sandarsa.

"Ɗan boko, doka ɗaya ce babba a wasan nan, sauran duk 'ya'yanta ne. Sanda a dama, linzami a hagu. In ƙwallo tana tafiya, kai ka taho daga nan, wani ya taho daga can, kowa ya bar ta a damansa. Sai ku wuce juna kamar motoci a titi, ita tana tsakiya. Wanda ya bar ta a hagunsa ya shiga hanyar ɗan'uwansa, sai goshin doki da goshin doki. Na ga an yi sau ɗaya. Ban ci abinci ba ranar."

Na tambaye shi in mutum bahago ne fa. Na yi tambayar kamar ta ilimi kawai.

"Bahago ya je ya yi dambe," in ji shi.

Ban zama gwani ba, kada wani ya gaya muku haka. Amma na koyi zama a sirdi, na koyi kai sandar ƙasa in ɗauke ƙwallon ba tare da na bugi ƙafar dokin ba. Kuma gaskiya wurin ya shiga raina. In na baro Bompai da ƙurar auduga a hancina da ƙarar injuna a kunnena, sai in shiga ƙofar nan in ji shiru, in ji ƙanshin jiƙaƙƙiyar ciyawa da harawar barga. Ma'aikata da fararen kaya suna zagayawa da lemo a kan faranti. 'Ya'yan Turawa suna tsalle cikin ruwa. Nakan tsaya gaban gidan da aka ce zai zama nawa in leƙa ta taga, in raba ɗakunan a zuciyata, wannan na Inna, wannan na yara. Sannan in hau basfa in koma Dakata in kasa barci.

Abokina a ofis Bitrus ne, akantanmu, mutumin kudancin Zariya. Shi ya fi kowa tsokanata.

"Ranka ya daɗe manajan dawaki! In ka tare a can, mu talakawa sai mun cike takarda kafin mu gan ka ko?"

"Bitrus, ka bari. Ban tare ba tukuna. Ba a sani ba."

"Kai kullum ba a sani ba. Ranar aurenka ma ina jin da liman ya tambaya ka ce ba a sani ba."

Matsalar ta fara ne da muka soma wasan gwaji da gudu sosai. In a hankali ake tafiya, ina tuna dokar, ina bin ta. Amma sau biyu, ko uku, ban riƙe ba, da ƙwallon ta taho da sauri wani kuma ya nufo ni, sai in ga Bidi ya karkata dama, ƙwallon ta koma haguna. Allah ya sa duk lokutan akwai tazara, aka busa usur aka tsaya. Sajan ya zo ya duba bakin dokin, ya canza linzami, ya ce dokin Chadi ne, taurin kai gare su. A karo na gaba ya sa aka zane shi da bulala a bayan barga. Ina tsaye ina ji. A lokacin ban tabbata ba, kuma ina so ku yarda da ni a nan, ban tabbata ba ko dokin ne ko ni ne. Hannun da ke riƙe da linzami shi ne hagun. Nakan dube shi a kan teburin ofis in tambayi kaina ko shi ya ja. Na gwada ɗaure wuyan hannun da ƙyalle don in riƙa tunawa da shi. Na gwada karanta addu'a kafin in hau. Na yi niyyar gaya wa Sajan ya fi a ƙirga, sai in tuna tarin Hadiza in ce bari in ƙara mako guda, wataƙila jiki ya saba.

Wasan buɗe filin ya zo bayan damina, ranar Asabar da yamma. An kafa rumfuna, motoci sun cika bakin fili, an gayyato ƙungiya daga wani gari. Da yake ɗaya daga cikin baƙin ya ji ciwo a hanya, sai Alhaji ya ba su aron Nasiru don adadi ya cika, ya sa wani a gurbinsa a ɓangarenmu. Kun ga ke nan ni da ɗan maigidana muka zama abokan karawa. Nasiru saurayi ne a lokacin, bai yi aure ba, ba ya jin tsoron komai, in ya saki doki ba ya waiwaye.

Rabi ta zo da tsohon cikinta, ta ci ado da leshin da ta aro wurin yayarta, Bitrus ya kawo ta a motarsa. Akwai wata al'ada a wasan, in an kai rabin lokaci sai 'yan kallo su shiga fili su tattake ciyawar da kofato ya tona su mayar da ita. Na hango ta cikin matan manya da matan Turawa tana taka ƙasa da takalminta mai tsini, tana dariya, tana nuna wa Bitrus gidan da ke kusa da barga. Ban taɓa ganin ta sake haka ba tun da muka zo Dakata.

Da aka koma, ba a daɗe ba wani daga cikinmu ya doko ƙwallon ta wuce ni tana gudu tsakiyar fili. Na bi ta. Da na ɗaga kai sai ga Nasiru ya taho daga can, a kan layinsa, ƙwallon a damansa, yadda doka ta ce. Ni ma tana damana. Ina faɗa wa kaina dama, dama, har leɓena na motsi. Sai na ji shi. Wannan karon na ji shi sarai, ba zato nake ba: hannuna na hagu ya ja linzamin ya kai Bidi dama, ƙwallon ta koma haguna, na tsinci kaina a hanyar Nasiru, fuskar dokinsa tana cika mini ido. Ban yi komai ba, babu lokacin yin komai. Bidi ne da kansa ya ƙara karkata, ya yi wani tsalle gefe da ban umarce shi ba. Likkafata ta hagu ta daki ta Nasiru har ta yi ƙara, muka wuce juna. Na ji mata sun yi salati a rumfa.

Alƙalin wasa ya busa usur. Nasiru ya juyo yana dariya yana ɗaga mini sanda, wai saura kaɗan. Ni kuwa na ja Bidi bakin fili na sauka. Ban faɗo ba, ban diro ba, sauka na yi ta hagu kamar yadda aka koya mini, na tsaya riƙe da linzami.

Alhaji ya taso daga rumfa da kansa, Sajan na biye da shi.

"Na gaya muku dokin nan ba shi da hankali," in ji Alhaji. "Sajan, gobe a fitar mini da shi daga barga, a ba masu amalanke ko kyauta ne. Habibu, ga wancan jan, hau ka ƙarasa."

Aka jawo jan dokin aka tsayar a gabana. Ina iya hango Rabi ta miƙe tsaye ta dafa ƙugu. Na san in na sa ƙafa a likkafar nan, wataƙila a gama wasan lafiya, wataƙila a yi shekara ana yi lafiya. Na kuma san gidan ba na wasa ɗaya ba ne, duk Asabar za a sa ni a fili, kuma duk Asabar akwai ɗan wani da zai taho ta gabana.

"Ranka ya daɗe, ba dokin ba ne."

"To mene ne?"

"Ni ne. Ni bahago ne."

Ya dube ni, ya dubi hannuna. "Bahago? Kai da kullum da dama kake miƙo mini takarda?"

"Da dama nake rubutu da ci da gaisuwa, ranka ya daɗe. Amma in abu ya zo da sauri, ɗayan ba ya shawara da ni. Shi ya ja dokin. Dokin ne ma ya raba mu."

Sajan ya tofar da goron bakinsa ya ce, "Shi ya sa ka tambaye ni ranar nan." Na ce shi ya sa.

Alhaji ya rage murya saboda baƙi. "Habibu, mutane suna kallo. Saura kaɗan a tashi. Ka hau, ka tsaya a baya, kada ka bi ƙwallo. Gobe ma yi magana."

"Ka gafarce ni, ranka ya daɗe. Nasiru ne a gabana ɗazu."

Ya juya ya koma rumfa, aka nemo wani ya hau jan dokin. Na tuɓe hular kwanon na miƙa wa Sajan tare da sandar.

Ba a kore ni ba, wannan ma ƙari ne da aka yi wa labarin. Alhaji bai taɓa yi mini maganar ba har ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma duk sallah yana aiko mini da shadda. Sai dai gidan wani aka ba, wanda ya iya hawa, masaƙar Challawa ma wani aka kai. Na ci gaba da zama a teburina na Bompai har lokacin da masaƙu suka fara rufewa. Mun ƙara shekaru a Dakata kafin in iya gina wannan gidan da kuka girma a ciki, kuma a shekarun nan Hadiza ta kwanta asibiti ba sau ɗaya ba. Har yau in sanyi ya shigo na ji tana tari a waya, sai in ajiye in kasa zama. Ban sani ba ko da mun tare can da ta warke. Likita ya ce ba lallai ba ne. Bai ce a'a ba.

A mota ranar wasan, Bitrus ya yi ta ƙoƙarin ba da dariya, ba wanda ya taya shi. Rabi ba ta yi mini faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ninke leshin ta mayar wa yayarta. Abinci ba ya makara, gaisuwa ba ta fasa ba, amma hira ta ɗauke a gidan, har ta haihu, har aka yi suna. Sau ɗaya kawai ta taɓo maganar, tana shanya ta ba ni baya.

"Da ka faɗa tun farko, Malam, da ban je na ga gidan ba."

Gaskiya ta faɗa.

Kabiru ya fara zama, ya fara kai hannu kwano. Wata rana muna tsakar gida aka ajiye masa tuwo, sai ya miƙa hagu. Inna ta ɗaga ludayin da ke hannunta. Ban san lokacin da na tare ludayin a sama ba. Mu duka muka kalli hannun da ya tare shi, na hagu ne.

Inna ta ce, "Kai wannan, ashe aikin banza na yi."

Na saki ludayin na ce ta yi haƙuri. Na ce ci dai a koya masa da dama, da lallashi, sauran kuwa a bar masa abinsa, ya san hannunsa tun yanzu, kowa ma ya sani. Sai na ji Rabi ta tuntsire da dariya a bakin murhu, har tana share ido da gefen mayafi. Rabon da in ji wannan dariyar tun ranar da take taka ciyawa.

Wannan shi ne abin da na riƙe. Sajan Mati ya daɗe da rasuwa, Inna ma haka, Allah ya gafarta musu. Amma mahaifiyarku tana nan, Bitrus yana nan can garinsu, Nasiru ma yana nan da jikokinsa. Bitrus ya sha gaya mini wai tazarar da ke tsakanin dawakan ta fi yadda nake faɗa, wai tsorona ne ya matse ta. Mai yiwuwa ne. Duk wanda ya halarci wasan nan ya ga na kauce a wani wuri, ina roƙonsa ya aiko wa Kabiru da gyara, a rubuta nasa a ƙarƙashin nawa, ba zan ji haushi ba. Abu ɗaya ne kawai ban yarda a taɓa ba. An bar Bidi a bargarsa, ba a kai shi amalanke ba, kuma ba shi da laifi.